Faifan da Na Karya a Shifa

Ni ne babba a ɗakinmu na direbobi a unguwar Shifa, can ƙasar Larabawa, kuma ina riƙe da girman nan fiye da yadda nake riƙe da iƙamata, wato katin izinin zamana a ƙasar. Da na ji raɗe-raɗin wani cikinmu yana kallon fina-finan batsa, sai na ce a bar mini. Na san harkar tun a Kano: faifai marar rubutu, mai shago ya zaro shi a ɓoye, a kai shi ƙasan katifa.

Ranar Juma'a da suka fita cin kabsa, shinkafar Larabawa, na bi katifu ɗaya bayan ɗaya. A ƙasan ta Sale na samu faifai fari fat. Suna dawowa na ɗaga shi sama, na yi a'uziyya, na karya shi biyu.

Sale ya dafe kai. "Yaya, bikina ne fa!"

Habu ya ce, "Wa ke sayar da faifai yanzu? Masu sana'ar sun koma intanet tuntuni. Komai a waya yake."

Maimakon in ba Sale haƙuri, sai na gyara zama. "A waya? Ba an toshe su a ƙasar nan ba?"

"Akwai manhajar da ke zagaye toshewar."

"Me sunanta?"

Duk suka zubo mini ido. Na ce don bincike nake tambaya.

Sale ya yafe, don matarsa ta turo masa bikin ta waya. Amma har yau in na zaro tawa, sai wani ya ce, "Ku yi shiru, Yaya zai yi bincike."