Zoben Giyar Mota a Ƙafar Kaza

"Lafiya lau muka tashi, in ban da wannan warin da ka cika mana gida da shi. Ina gajiya, bakaniken ƙarya?"

"Babu gajiya, tsohuwa. Matsa gefe, kin tare min haske."

"Ni na tare maka haske? A gidan mijina?"

Ƙafafun Zaharadeen kawai ake gani, sauran jikinsa yana ƙarƙashin farar bas ɗinsa, wadda ya shigo da ita gindin darbejiyar gidansu a Babura, ya ɗage ta da jak, ya tokare tayoyin baya da duwatsu. Mai tsaye a kansa da sanda kakarsa ce, Ya Kura, mahaifiyar babansa, Babarbariya gaba da baya. Shi kuwa uwarsa Bafulatana ce daga Yankwashi, don haka wasa biyu ne ya haɗu a tsakaninsu, na kaka da jika da kuma na Barebari da Fulani. Mu maƙwabta mun daɗe da daina shiga rabon faɗansu, don wanda ya shiga shi ke shan kunya.

Sai dai ranar nan ba ta wasa ba ce. Shekara biyu ke nan yanar ido tana rufe wa Ya Kura gani. Likitocin ido da suka zo Kazaure sun duba ta, sun ba ta kati, sun ce ta iso kafin la'asar ta yau a ba ta gado, gobe da safe a yi aiki, jibi su kama hanyarsu. Ita kuma ta rantse ba ta shiga motar haya, sai motar jikanta. Ta yi rantsuwar ne tana sane da cewa motar ta kwana biyu tana jan ƙafa. Giyarta otomatik ce, in aka saka sai ta yi gurnani, ta tsaya tunani, sannan ta fizga kamar an tsikare ta. Shi ya sa jiya Zaharadeen ya je Kano ya sayo sabuwar filta da man giya da fakin, wato robar da ake shimfiɗawa a bakin farantin giya, ya ce da hannunsa zai yi aikin, ba zai bari mota ta mace masa a hanya da tsohuwa a ciki ba.

"Wai ma tsaya," in ji Ya Kura, tana shinshina iska. "A cikin me kake tarar wannan ƙazantar?"

"A baho."

"Bahon wa?"

"Wanda na gani."

"Bahon wankina! La'ilaha illallahu! Jama'a ku zo ku ga Bafulatani ya tatse mota a bahona! An hana ka shanu shi ne ka koma tatsar ƙarfe?"

"Man giya ne, ba nono ba. Da ja ne wur, yanzu ya koma baƙi ƙirin, yana ƙauri kamar tuwonki na jiya."

"Tuwon da ka yi ƙari sau biyu, har da kankare tukunya."

"Don kar ki ji kunya a gaban baƙi ne."

Ya riga ya kwance notunan farantin da ke ƙasan giyar, ya bar biyu a gefe guda har man ya gama tsiyaya, sannan ya sauke shi. Ya wanke farantin tas, ya goge mayen ƙarfen da ke maƙale a cikinsa, wanda ya tara garin ƙarfe har ya yi gashi. Ya zare tsohuwar filtar, ya sa bakin sukundireba ya ɓanɓaro tsohon sil daga raminsa, wani ɗan zoben roba da ke riƙe wuyan filta don kar mai ya zurare. Tsohon ya fito a yage gida biyu. Ya miƙo hannu waje yana laluben tabarmar da ya jera sababbin kayan a kai. Ya lalubo filta, ya lalubo fakin, ya sake lalubawa. Sai ga shi ya fito da baya, fuska duk baƙin mai.

"Ya Kura, wa ya taɓa min kaya a kan tabarmar nan?"

"Tabarmar shanyar kuɓewata dai."

"Ban tambayi mai tabarma ba. Akwai wani ɗan zobe, jan roba, bai wuce zagayen babban yatsa da manuni ba. Tun asuba na ajiye shi kusa da filta."

"Au, wannan ɗan abin? Ai na yi amfani da shi."

"Kin yi me?"

"Amfani. Ko Hausar ma sai an fassara maka da Fillanci?"

Zaharadeen ya ajiye sifana a hankali, irin ajiyar mutumin da ke tsoron abin da hannunsa zai aikata.

"Wane amfani?"

"Na sa wa kazata shaida. Budurwar kazar nan tawa, wake-wake. Kullum sai ta bi kajin Khadijat maƙwabciya, in na je nema a ce min ba tawa ba ce. Na ɗaura mata tsumma a fiffike ta tsige, na ɗaura zare ta tsinke. Da na taɓa wannan na ji laushinsa, na ce Allah ya kawo. Na haɗe mata yatsu na zura, ya zauna ɗas kamar don ita aka yi."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Sil ɗin giyar motata ne a ƙafar kaza?"

"Ya ma fi yi mata kyau."

"Tun daga Kano na ɗauko shi! Shago bakwai na shiga kafin na samu daidai da motar nan! Ko Babura kaf aka zazzage ba za a samu irinsa ba!"

"To ka sa tsohon."

"Na yaga shi!"

"Ka ga halin Fulani. Ba ku ga sabo ba kun yaga tsoho."

"Ina kazar take?"

"Ta tafi kiwo. Ba 'yar uwarka ba ce? Ka fi ni sanin inda makiyaya ke zuwa."

Abin haushin shi ne kajin unguwar nan ba su san katanga ba. Tsakanin gidan Ya Kura da na Khadijat akwai wata kafa a ƙasan danga, kuma ta nan suke kai da komo tun safe. Zaharadeen, magidanci mai 'ya'ya uku, direban da ake girmamawa a tasha, ya tattare riga ya bi su da gudu. Ya bi ta bayan rumbu, suka ɓulla ta turken awaki. Ya yi tsalle zai cafki wata, ya taka gefen bahon, baƙin mai ya fallatsar masa har gwiwa. Kajin suka bi ta kafar dangar ɗaya bayan ɗaya, suka bar shi yana haki.

"Me ya faɗi?" in ji Ya Kura daga kan kujerarta 'yar tsugunno.

"Babu komai."

"Na ji ƙara kamar an yar da buhun ƙaiƙayi. Kai ne? Ka ce a gidanku ana kama bijimi da hannu ɗaya, ga kaza ta kayar da kai."

"Ya Kura, rana tana yi. Ki kira kajin nan, muryarki kawai suka sani."

"Sai ka ce Barebari ne iyayen gidan Fulani."

"Allah ya kiyaye! Mutanen da aka yi wa zane a fuska don kar su ɓace a kasuwa?"

"To zauna. Ni ba inda nake sauri."

"Ai na sani! Shi ne abin da ya fi ƙona min rai. Na bar lodi kwana biyu, na kwanta a ƙasa tun asuba kamar ƙadangare, duk don wata tsohuwa mai taurin kai ta ga hanya. In la'asar ta yi ba mu isa ba, gadonki wani za a ba. Likitocin nan ba jiranki za su yi ba."

"Su ba wa wanda suke so. Idona lafiyarsa ƙalau. Daga nan ina hango ƙaton hancinka."

"Wannan madubin mota ne kike kallo. Ina bayanki."

Ya Kura ta juyo da sauri, ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta ce dama tana sane, gwada shi take yi. Shi bai yi dariya ba. Ya shiga ɗakinta ya ɗebo tsaki a ƙwarya, ya dire mata a cinya, ya durƙusa a gabanta.

"Barebari ne iyayen gidan Fulani. Na faɗa. In kina so in hau kan mota in faɗa da lasifika, zan hau. Kira su."

"Ban ji ba, kunnen nan nawa..."

"Ya Kura!"

Ta yi tsaki, ta ɗebi tsakin kajin ta watsa, ta ɗaga murya. "Kur-kur-kur-kur!" Kafin ta rufe baki sun fara ɓullowa ta kafar danga, nata da na maƙwabta, sun kewaye ƙafafunta suna tsattsaga. Ta sunkuya tana kai hannu a hankali, ta kama wannan ta shafa ƙafarta ta saki, ta kama waccan ta shafa ta saki. Zaharadeen yana hango jan zoben tun daga nesa, amma ganin yadda take laluben kajinta da yatsu ya sa ya bar ta ta nemo da kanta. A ta huɗu ta dace.

"Yauwa, ga ta. Wake-wakena, 'yar albarka. Dubi zanenta, duk unguwar nan babu mai irinta."

Ya dubi kazar, ya dubi kakarsa.

"Ya Kura, wannan fara ce."

"Fara kamar yaya?"

"Fara sol. Ta Khadijat ce, mai guntuwar jela. Wake-wakenki ga ta can gindin randa, ƙafarta babu komai."

Tsohuwa ta ɗaga kazar har kusa da hancinta, ta juya ta dama, ta juya ta hagu. Ni dai tunda nake ban taɓa ganin Ya Kura a haka ba sai ranar, kuma wallahi ban ji daɗin ganin hakan ba.

"Fara ce da gaske?"

"Da gaske."

Ta haɗe yatsun kazar, ta zare zoben a hankali don kar ya yage, ta miƙa shi wajen da take jin numfashinsa.

"Na san na motar ne," ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Na ji ka jiya kana gaya wa babanka a waya cewa in babu ɗan zoben nan motar ba ta motsi. Tsoro nake ji, Zaharadeen. Wuƙa ce fa za su sa min a ido."

"Ina nan a bakin ƙofa har su gama. In kika yi ihu zan ce ba kakata ba ce."

"Ɗan banza. Je ka ɗaura abinka."

Ya duba zoben a rana, bai tsage ba. Ya goge shi da tsumma mai tsabta, ya shafa masa sabon mai, ya danna shi cikin raminsa har ya zauna daidai, sannan ya tura wuyan filtar ya ji ta kama. Ya shimfiɗa fakin a bakin farantin, ya mayar, yana ɗaure notunan ɗaya nan ɗaya can tsallake, don kar gefe guda ya danne ya bar wani yana yoyo. Ya sauke jak, ya sa mazurari ya ɗura jan mai, ya tayar da mota, ya taka birki ya bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya. Ya duba ma'auni, ya ƙara kaɗan, ya leƙa ƙasa bai ga ko ɗigo ba. Da ya saka giyar gaba, motar ta ɗauka sumul, babu gurnani babu tunani. Ana kiran azahar ya fito daga wanka, ya tarar da Ya Kura ta riga shi shiga gaba, da ƙullin kayanta a cinya da katin asibiti a hannu.

"Wa ya ce ki zauna a gaba? Wurin masu gani ne."

"Ja mu tafi, bawana. Kazar nan wake-wake na ba ka ita, ladan kanikanci."

"To bari in kama ta in ɗaure."

"Kar ka taɓa ta! Sai na dawo na zaɓo maka ita da idona, kar ka haɗa ni faɗa da Khadijat. Kuma ka sani, shekara biyu rabona da fuskarka. In suka buɗe min ido na ga ka ƙara muni a kan yadda na bar ka, zan ce likita ya mayar min da yanata."

Zaharadeen ya kwashe da dariya har ya kifa kai a kan sitiyari, sannan ya miƙa hannu ya ɗaura mata bel, ya saki birki.