Ranar da Na Kai Surukina Kallon Bonsu

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na kwashi dangin matata kaf na kai su bakin teku ba, kuma ko na so mantawa, mutanen kasuwar Kejetia ta Kumasi ba za su bar ni ba.

Ni mai gyaran keken ɗinki ne. Wata rana wani tela da nake yi wa aiki ya nuna min bidiyo a wayarsa: wani ƙaton kifi, ya fi motar kaya girma, ya taso daga cikin ruwa ya faɗa tim. Ya ce a tekun Ghana ɗin nan aka ɗauka, can gaba da Takoradi, kuma da Tonanci, wato yaren Asante, bonsu ake ce masa. Da yamma na wuce unguwar Buokrom na nuna wa surukina, Baba Malam. Shekara arba'in yana karanta wa ɗalibai labarin Annabi Yunusa da kifin da ya haɗiye shi, amma bai taɓa taka bakin teku ba, ga idanunsa sun fara rauni. Ya kai wayar daf da fuskarsa, ya sa na maimaita sau uku.

"Ashe irinsa yana ƙasar nan," ya ce a hankali. "Da mutum zai gan shi kafin idon ya rufe."

Nan take na bugi ƙirji na ce, "Baba, ni zan kai ka." (Ni da iyakar ruwan da na sani shi ne kwatar bayan gidanmu.)

Washegari na je wurin wata Bafantiya, 'yar ƙabilar Fante ta bakin teku, mai sayar da busasshen kifi a kasuwa, ta ba ni lambar ƙanenta Kwesi, masunci a wani ƙauye na bakin teku. Na kira shi, na gyara murya, na saki Tonancina da nake taƙama da shi. Na ce daga Kumasi muke, muna so mu zo mu ga bonsu.

"Bonsu? Ai yana nan," in ji Kwesi. "Kullum yana bakin ruwa."

"Kullum? An ce min suna da lokacinsu."

"Wane lokaci? Ya fi shekara ashirin a nan, ba ya zuwa ko'ina."

"Babba ne sosai?"

Ya tuntsire da dariya. "In ka gan shi za ka faɗa da bakinka. In ya jingina da kwalekwale sai ya karkata."

"To sai mun shiga ruwa kafin mu gan shi?"

"Don me? Da rana a gindin kwakwa yake shan iska."

A nan ne ya kamata mai hankali ya tsaya. Ni kuwa murna ta rufe min kunne. Na tambaya ko ba ya cutar da yara, ya ce yara har bayansa suke hawa. Na tambaya me yake ci, ya ce komai, amma yana son burodi mai sukari. Muka tsayar da Asabar ta sama.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na tara dangi a tsakar gidan Baba Malam na yi musu lacca. Na ce wannan namu ba kamar sauran ba ne, ya saba da mutane, har tudu yake fitowa. Matata Rabi ta ɗan matso ta raɗa min, "Baban Nusaiba, kifi a gindin kwakwa?" Na ce mata ita da ba ta san teku ba ta bar wa masana. (Masanan ni ne.)

Gida ya ɗauki zumuɗi kamar za a yi biki. Mata suka fitar da yayi, atamfa shuɗiya iri ɗaya, wai kalar ruwa. Aka dafa wake da shinkafa cikin babbar kula, aka soya shito, baƙin yajin nan na Ghana. Baba Malam ya sallami ɗalibansa na ranar, abin da bai taɓa yi ba sai da Sallah, ya sa aka goge masa farar babbar riga. Ni kuma na sayo burodi mai sukari cike da buhu, don kowane yaro ya samu na jefawa.

Muna idar da Asuba muka cika tirotiro, wato ƙaramar bas ta haya, mu goma sha shida. Yara suna waƙa, mata suna ta hira, ni ina gaba kusa da direba ina amsa tambayoyi. Wajen azahar hanya ta yi kwana, sai ga teku ya buɗe a gabanmu, ba iyaka. Motar ta kaure da ihu. Baba Malam ya leƙa ta taga yana ta tasbihi, iska tana kaɗa masa gemu. Wallahi a lokacin ji nake ba surukin da ya kai ni a duk Zongo.

Kwesi ya tare mu a bakin ƙauye, ya ce Bonsu tun safe yake jiranmu. Na juya na ja wa kowa kunne: ba surutu, ba gudu, kada a firgita shi ya koma ruwa. Na raba wa yara burodi. Na kunna wayata ina ɗaukar bidiyo don 'yan uwa da suka rage a Kumasi, ina magana ƙasa-ƙasa kamar ɗan jarida. Haka muka jeru muna sanɗa a kan yashi, mu goma sha shida, ni a gaba, Baba Malam riƙe da kafaɗata.

Muka iso gindin kwakwa. Wani ƙaton mutum, wanda ban taɓa ganin mai girmansa ba, yana zaune a kan kifaffen kwalekwale, ya yafa sabon zane irin na zuwa taro. Yana ganinmu ya miƙe ya buɗe hannuwa, ya yi mana maraba da Tonanci, ya ce, "Akwaaba!"

Kwesi ya nuna da hannu. "Ga Bonsu."

Na leƙa ta dama, ruwa. Na leƙa ta hagu, ruwa. Mutumin ya cika min hoto. Sai na ɗaga masa hannu, da Tonancina mai kyau, kowa yana ji, na kira shi "masa", wato maigida, na ce:

"Masa, ɗan matsa gefe, kana tare mana Bonsu."

Mutumin ya dubi Kwesi, ya dube ni, ya dafa ƙirjinsa. "Ni ne Bonsu."

Kafin ƙwaƙwalwata ta gama haɗa lissafin kwakwa da burodi, 'yata Nusaiba ta ɗaga nata sama ta ce da ƙarfi, "Baba, in jefa masa yanzu?"

Da ƙasa za ta tsage da na shige, in ja yashi in rufe kaina. Rabi ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Shi kuwa bawan Allah sai tambaya yake waye ya aiko mu daga unguwarsu ta Atonsu, ko 'yar uwar mahaifiyarsa lafiya. Ashe Bonsu sunan mutane ne ma a wurin Asante, shi kuwa mutumin Kumasi ne, sana'ar gyaran injin kwalekwale ta zaunar da shi a can. Da ya ji baƙi daga gida suna nemansa, ya ɗauka danginsa ne suka tuna da shi, har ya sa an dafa abinci.

Baba Malam ne ya cece ni. Ya saki kafaɗata, ya miƙa wa mutumin hannu biyu, ya gaishe shi gaisuwar manya, ya yi masa bayani dalla-dalla. Sannan ya juyo gare ni, cikin Hausa, ba ko murmushi: "Ɗana, kifin naka akwai ladabi. Har da tashi tsaye."

Bonsu ya yi dariya har ya koma ya zauna. Ya kira masu ɗinkin taru ya ba su labari, su ma suka kira wasu. Kafin mu gama sallar azahar har tsofaffin ƙauyen sun zo ganin mutumin Kumasi da ya kawo wa kifi burodi. Muka haɗa abincinsa da namu muka ci tare, burodin ma ya karɓa da godiya.

Bayan an ci ya ce mun yi sa'a, lokacin wucewar masu sunansa ne, amma suna can nesa kuma ba su yi wa kowa alkawari. Ya sa aka tura kwalekwale mai inji, ya ɗauki Baba Malam cak kamar jariri ya ajiye shi a ciki, muka shiga mu shida. Mun fi awa muna lilo a kan ruwa ba komai. Har na fara shirya haƙurin da zan bayar, sai muka ji wani huci mai ƙarfi, ruwa ya yi feshi sama, wani baƙin gadon baya ya taso a hankali, ya yi ta wucewa kamar ba zai ƙare ba, wutsiya ta ɗago ta nutse. Na yi ihu har muryata ta dushe.

"Baba, ka gani? Ka gani?"

"Duhu-duhu kawai na gani," ya ce, hawaye yana bin gemunsa. "Amma na ji numfashinsa. Ya ishe ni."

Wannan ban ɗauka a waya ba, hannuwana biyu suna riƙe da katako. Wancan na farko kuwa, Rabi ta riga ta tura wa dangi, dangi suka tura wa duniya. Ranar Litinin ina shiga layinmu a Kejetia teloli suka miƙe gaba ɗaya: "Masa, ɗan matsa gefe!" Har yau sunan da suke kirana ke nan.

Abin da na koya ba shi da yawa. Duk daɗin labarin da ake ba ni a waya, kafin in ɗauki hayar mota sai na ƙara tambaya guda, ko da za a ce min wawa: "Tsaya tukuna, wannan da muke magana a kansa, yana da ƙafafu?"