Lauyan Tsintsiya da Kwanon Gwamnati

"Ni da majistare, bambancinmu kujera ce kawai." Haka Mika'ilu yake gaya wa duk wanda tsautsayi ya zaunar a zaurensa a unguwar Ɗan Iya. Kada ka ɗauka wani ƙusa ne, aboki. Shara ya taɓa yi a kotun majistare ta Bauchi, aka sallame shi saboda barci, shi ya sa muke ce masa Lauyan Tsintsiya. Gogan ya yar da tsintsiyar, ya riƙe lauyan. Har sabon kwano ya rufa wa zauren, wai ofis ba ya kyau da jinka.

Ana cikin shirin karɓar mulkin kai aka kama maƙwabcinsa Obadiya, mai gadin wani siton gwamnati, wai ya saci kwanon rufi. Obadiya kuwa ko allurar wani bai taɓa ɗauka ba. In kotu ta same shi da laifi, aiki ya tafi, abincin gidansa ya tafi. Matarsa Roda ta ruga wurin Lauya tana hawaye.

Lauya ya gyara zama, ya ce abin ba wuya. Bature ba ya son musu, abincin ranarsa yake hange. Obadiya ya amsa laifi kawai, a ja masa kunne, kowa ya kama gabansa. Kuma shi da kansa zai shige gaba, kamar yadda babba yake yi wa yaronsa a gaban mai unguwa.

Ranar shari'a ya sha babbar riga, ya saƙala fensir a kunne, mutumin da sunansa ma sai da dangwale. Tafinta yana gama karanta tuhuma, kafin Obadiya ya buɗe baki, sai Lauya ya zube.

"Ranka ya daɗe, yaron nan nawa ne. Ya yi kuskure, na amsa masa."

Majistare ya tambaya ko wane ne wannan. Tafinta ya ce tsohon mai shararsu ne. Majistare ya ce a gaya masa ba a amsa wa mutum laifi kamar yadda ake amsa masa sallama. Sai daga bakinsa, da son ransa, kuma ya san abin da yake amsawa. Sannan ya juya ga Obadiya.

"Na amsa, ranka ya daɗe," in ji Obadiya. "Amma ban ɗauka ba. Baba Mika'ilu ne ya ce in faɗi haka don a sallame mu da wuri."

Majistare ya ce wannan ba amsa laifi ba ce, ba zai karɓa ba. Za a yi shari'a sosai, 'yan sanda su binciki gidajen unguwar.

Nan fa gumi ya karyo wa Lauya. Ya sake miƙewa ba wanda ya kira shi, yana cewa bincike ɓata lokacin hukuma ne, ai magana a fili take.

"Ta ɓarakar shingen baya aka zaro kwanon, ranar Lahadi, lokacin da yaron nan ya tafi coci. Aka naɗe a zana, aka ɗora wa jaki."

Majistare ya cire tabarau, ya tambaya a hankali: in Obadiya yana coci, wa ya ɗora wa jakin kaya? Kuma jakin na wa ne?

Ko wahalar nema 'yan sanda ba su sha ba. Hatimin gwamnati yana nan ɓaro-ɓaro a rufin ofishin Lauya, yana kallon duk wanda ya ɗaga kai.

Aka tsayar da gogan inda Obadiya ya tsaya. Ya gane tuhumar? Ya gane. An tilasta masa? A'a. Wani ya ba shi shawara? Babu. Ya amsa? Ya amsa, murya kamar ta ɗan tsako. Majistare ya ce yau dai ya ji amsa laifi wadda ba ta da aibu, lallai mutumin nan ya san doka.

Obadiya ya koma gadinsa. Lauya ya sami wata uku, kuma a lokacin fursunoni ake kawowa su share harabar kotu. Roda ta bi ta wurin za ta kasuwa, ta gan shi a sunkuye da tsintsiya. Ta durƙusa har ƙasa cikin ladabi.

"Sannu da aiki, Baba. Ashe an koma ofis?"