Yadda Za Ka Fiddo Marigayi Ummaru Daga Cikin Kaset

Duk wanda ya bi matakan nan sau da ƙafa, na yi masa alkawari: 'yar na'urar nan mai kama da kwalin ashana, wadda ke kwaso hoto daga tsohon bidiyo zuwa kwamfuta, za ta yi aiki a kan kwamfuta mai Linux, kishiyar Windo, ko tana so ko ba ta so. Hanya ce gwadaddiya. Hafizu mai shagon kwamfuta a Kankiya ya bi ta, kuma yana nan da ransa.

1. Fara da cika baki

Kafin ka taɓa komai, tabbatar gari ya san kai ba ka harka da Windo. Hafizu ya daɗe yana shelar cewa Linux kyauta ce, kuma babu abin da ya gagare ta. Shelar ta kai Kusada, ta faɗa kunnen gwaggonsa Kubura. Sai ga ta da kaset ƙunshe a ɗankwali: walimar dawowar mijinta Ummaru daga Makka. Gidansu bai taɓa mallakar bidiyo ba, don haka ba ta taɓa kallonsa ba. Yanzu Ummaru ya rasu, kaset ya fara hunhuna, ita kuwa so take ta ƙara ganin fuskarsa.

2. Sayi mafi araha

Idan kwalin ya ce Windo kaɗai na'urar ta sani, yaga shi ka zubar. Masani ba ya karɓar umarni daga kwali.

3. Kada ka sa ran a bar maka kaset

"Gwaggo, ki bar shi nan, in na gama na kawo miki."

"In tahi in bar maka mijina? Ina nan zaune."

Ba ta benci ta zauna. Daga yanzu duk abin da za ka yi, a gaban shaida za ka yi shi.

4. Jona, ka yi kamar haka ka tsara

Aro tsohon bidiyo, haɗa wayoyi, jona na'urar. Babu abin da zai faru. Buɗe baƙin allon nan da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ka yi ta bugawa da sauri kana gyaɗa kai.

"Wannan rubutun da ke gudu, mi shike cewa?"

"Gaisawa suke yi da na'urar, Gwaggo."

"Gaisuwar ta yi tsawo."

5. Nemi taimako a intanet

Za ka tarar mutum ɗaya tak a duniya ya taɓa shiga matsalarka, shekaru aru-aru da suka wuce. A ƙasan tambayarsa ya dawo ya rubuta, "Na gyara, na gode," bai faɗi yadda ya yi ba. Ja masa Allah ya isa a zuci, akwai babba a wurin.

A daidai nan maƙwabcinka Bishir zai leƙo ya ce, "Kawo mu jona a tawa mai Windo mana." Ce masa ka gode. Ka gwammace gumi ya jiƙa maka riga.

6. Fasa ta

Sa reza ka ɓare na'urar, ka karanta sunan da ke kan 'yar baƙar ƙwayar cikinta. Hafizu ya gano Linux ta san ƙwayar sarai, lambar na'urar ce kawai baƙuwa gare ta. Ya cusa lambar cikin direba, wato manhajar da ke gabatar da na'ura ga kwamfuta, ya sake haɗa shi. Hoto ya fito kore shar yana tsalle. Kada ka firgita, na'urar ta ɗauka a Amurka take. Mayar da ita tsarin talabijin ɗinmu.

7. Kalli abin da ka fiddo

Ga abin da ba a rubuta a intanet ba: mai ɗaukar bidiyon biki manyan baƙi yake bi. Hafizu da Gwaggo suka kalli ciyaman yana kai loma. Suka kalli wani attajiri yana sakace. Suka kalli motocin baƙi ɗaya bayan ɗaya, har da tayoyinsu. Mai walima kuwa ko alamarsa babu. Kaset ya doshi ƙarshe.

Sai Gwaggo ta ce, "Tsaya! Maido baya."

A can gefen hoto, wani mutum ya ba kyamara baya, ya duƙa yana kwashe takalman baƙi daga rana zuwa inuwa. Ƙeya kawai ake gani da gefen hula.

"Shi ne," in ji Gwaggo. "Ran walimarshi ma bai zamna ba."

Ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin.

"Hafizu, ba ka iya sa shi ya juyo?"

Kada ka taɓa madannai a nan, babu umarnin da zai yi. Hafizu ya sunkuyar da kai ya ce, "Wannan kam ban iya ba, Gwaggo."

"To bar shi ya gama aikinshi. Sake maido min."

A kula: mai wannan rubutu ba shi da hannu idan na'urarka ta ƙone, ko Bishir ya yi maka dariya. Haka kuma babu ruwansa idan masu zuwa buga takardu suka tarar da mai shago, ƙaton mutum mai gemu, yana share hawaye da hannun riga, yana ta maido kaset baya har la'asar.