Rasuwar Injin Askin Gidan Malam Haliru

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma kunya gwargwado, ni Malam Haliru na Ƙofar Guga, malamin kimiyya, ina sanar da rasuwar injin askinmu, wanda ya bar mu ranar Juma'a da hantsi yana tsakiyar aiki.

Kafin zuwansa, mu gida ne mai 'ya'ya maza uku, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ke iya zama gaban wanzami ba tare da kuka ba. Ƙanena Sagir ne ya aiko da shi daga Amurka, inda wutar gida kusan rabin ƙarfin tamu ce. Don haka ya haɗo shi da wata 'yar taransifoma mai nauyi da ke sassauta masa wutarmu. Shekara shida ya yi tare da mu. Bai taɓa cizon kunne ba, bai taɓa ɗaga murya ba, sai dai “zzzz” a hankali, har yaro ya yi gyangyaɗi.

Ga yadda ajali ya zo. Gidanmu layi uku gare shi, in wuta ta ɗauke a ɗaya sai a zare fis a mayar kan mai rai. Na gama rabin kan autana Umair ke nan aka ɗauke. Na je zaure na canza layi, ƙwan lantarki ya kama. Tsoron kada wannan ma ta gudu ya sa na kira Umair da injin nan zaure, na bar taransifoma a ɗaki. Soket ɗin zaure kuwa kowane baƙo karɓa yake yi, sai na soka injin kai tsaye.

Marigayin ya yi wata ƙara da ban taɓa jin irinta ba, “grrr”, sannan “fat”, sannan ƙauri. Ni ne fa mai koya wa 'yan aji biyar bambancin wutar ƙasashe, shekara sha tara, har da zane a allo.

Ya rasu ya bar taransifoma ɗaya cikin ƙoshin lafiya, da mataji huɗu, da kwalbar mai, da rabin suma a kan Umair, wanda ya yi sallar Juma'a cikin hulata ta rufe masa ido.

Ana karɓar gaisuwa a zaure bayan la'asar. Mai ɗakina Furera ta riga ta yi tata, ta ce, “Malam, da ɗalibinka ne ya yi haka, maki nawa za ka ba shi?” Ina roƙon kada kowa ya sanar da Sagir, ni zan yi da kaina.

Ranar Litinin da ƙarfe takwas za a kai gawar ɗakin gwaji na makaranta cikin kwalinta. Umair ne zai riƙe. Ya ce ya gane darasin: wutarmu ta ninka ta garin Baba Sagir, kuma ni babansa na san haka tun kafin in soka.