Malam Illo Cikin Takalmin Husna

Ranar Talata, sha ɗaya ga Fabrairun 2025, na fara ganin takalmin, gab da azahar, a ƙofar biro ɗinmu nan Dogon Dutsi, ofishin da nake aikin sakatare. A ƙafar Malam Illo na gan shi, dattijon gardinmu, wanda kuma shi ne ladanin masallacin bakin titi. Fari ne tas, da ƴar fitila shuɗiya a dunduniya. Ban gama kallo ba sai ga jikanyarsa Husna ta diro daga kabu-kabu, ƙafa ba takalmi. Ran Asabar take da gwajin gudu a Dosso, na shiga aikin jandarma.

"...lahiya lau, amaryata! Ya gida? Ina kika baro takalmi, ko talauci ya kai nan?" in ji Malam Illo.

"Gida lahiya, sai ɓarawo guda da ya shigo mana, mai furfura. Cire!"

"In cire mi? Na iske shi ƙohwar ɗaki yana kuka, wai an ɗora mishi ƙahwar raƙumi. Na ji tausai na ɗauka. Ki kawo kilishi da goro fari, mu yi maganar fansa."

"Kai tsoho, wanga ba fade ba ne irin naka! Yaya Luƙman ya aiko min shi daga Faransa. Kwamfuta ce a cikinsa. Yana jin yadda mutum ke taka ƙasa, ya matse nan, ya saki can, ya taurara dunduniya. Tun watan jiya nake gudu da shi yana koyon ƙafata."

"Ashe ɗalibi ne! To ya samu babban malami."

"Malamin ɗingishi! Duk takun da ka yi, mantawa yake da ni. So kake in je Dosso ina gudu a karkace, kamar amalanken da ya rasa taya?"

Malam Illo ya miƙe zumbur, fuska cike da murna. "Haka ne? Kowane taku? Malam sakatare, ka shaida!" Ya fara zagaya benci yana jan ƙafar hagu da gangan. "Koyi, ɗana, koyi! Haka aka tahiya a Lugu, ƙasar maza."

"Wayyo Allah! Zauna!"

"Kilishi!"

"Da wane haƙori?"

"Da na kakarki, ta bar min biyu gado. Ke ni da na kori zomo tun daga Lugu har Sukukutane, ya juyo ya ba ni haƙuri?"

"Zomon ya gaji da jiranka ne."

Ta zaro wayar salula daga aljihu, ta latsa. Muka ji takalmin ya yi ƙara siririya, igiyoyinsa suka ja kansu da kansu. Tsohon ya daskare da ƙafa ɗaya a sama.

"La ilaha! Ya kama ni! Husna, akwai iska cikin abin ga!"

"Doguwa ce, kuma ni take yi wa biyayya. Na kulle shi. Cire mu gani."

Ya zauna, ya ja da hannu biyu, ya sa sanda ta dunduniya. Ko motsi. Masu kabu-kabu suka taru suna ihu, mai shayi ya bar tukunyarsa tana zuba.

"Ba komi," in ji shi yana haki. "Da shi zan kwana, da shi za a rufe ni."

"Madalla. Azahar fa, maigidana? Da me za ka wanke ƙafa?"

"Sai in yi shafa bisa."

"Da alwala ka sa shi?"

Ya dubi rana.

"Kuma ka bi ta turken awaki, ga shaida nan a ƙasansa. Haka za ka taka tabarmar masallaci? Bari in kira Sani tela, ya daɗe yana son lasifikar nan."

"Sani? Mai muryar ƙofar kwano? Ya kira salla ina raye?"

"Ga shi can ma yana naɗe hannun riga."

Malam Illo ya leƙa, ya ga gaskiya ne. Sai ya fashe da dariya har hularsa ta faɗi, ya miƙe ƙafafu biyu gabanta kamar yaron da za a cire wa ƙaya.

"Na tuba, ranki ya daɗe, shugabar jandarmomi! Sake ni. Jan zakaran nan nawa, naki ne, ki sha romo ki yi gudu."

"Da wanda ke bin sa, baƙin."

"Ɓarauniya! Tun ba ki sa kaki ba? Ɗauki!"

Ta latsa, igiyoyi suka saki. Ya fizge ƙafa, ya sheƙa wajen buta ba takalmi, kuma ban ga ɗingishi ba ko kaɗan.

Da yamma Husna ta gwada takalmin, ta iske na hagu ya riga ya karkata. Ta goge duk abin da ya koya, ta yi ta gudu da shi safe da yamma a bayan gari har Juma'a. Ta ci gwajin, yanzu tana horo a Yamai. Can an hana ta sa shi, sai takalmin but irin na kowa, don haka ta bar shi gida. Batirinsa ya mutu da damina. Malam Illo ya take dunduniyar, da shi yake zuwa aiki.