Famfonmu Ya Kafe, Shafinsu Na Ambaliya

"Ban ce ki daina rubutun ba, Kaka. Ragewa na ce ki yi."

"In rage me, maigida? Ƙishirwar ko faɗarta?"

A nan kuka riske mu yau da hantsi, masu karatu, ni da jikana na fari a tsakar gida. Ina zaune kan bokiti a kife, don a gindin famfo aikin da ya rage masa ke nan. Famfonmu ya kafe tun maƙwabciyata mai ɗinki tana da ciki, yanzu yaron har ya fara satar mata almakashi. Kullum da wannan gwiwar tawa mai ƙara kamar tsohuwar ƙofa nake zuwa layin rijiyar burtsatse, in na dawo in zauna in rubuto muku abin da ya dame ni.

Shi kuwa jikan nawa, da na goya har ya jiƙa mini zannuwa ba adadi, yau ya zama mai rataya kati a wuya. Yana aiki a ofishin Mai Girma Uban Famfuna, Garkuwan Bututu, Allah ya ƙara masa tumbi. Ba ya riƙe sifanar ɗaure bututu. Nasa shi ne rubuta wa ofishin labari a shafin intanet.

Ya tsuguna ya yi mini bayani dalla-dalla, kamar mai koya wa kaza karatu. Wai idan mutum ya rubuta "ruwan famfo" a wayarsa, akwai injin da ke zagaya shafukan duniya ya ga wane ne yake maganar da gaske, ya ɗora shi a sama. Cikin abin da injin ke dubawa har da yawan fitowar kalmar a rubutu. In ta yi kaɗan, ba zai gane inda ka dosa ba. In ta yi yawa, ya ɗauke ka mai holoƙo, ya jefa ka can ƙasa inda ko ɓera ba ya leƙawa.

Na ce, "Ashe gishiri ne a miya."

Ya ce, "Yauwa. To, Oga ne ya juye buhun gaba ɗaya."

Mai Girma dai ya ji rabin karatun, ya yi gaba da shi. Ya kafa kwamiti, kwamitin ya tafi otal ya huta, ya dawo da shawarar a ƙara kalmar. Jikana ya ce ranka ya daɗe, za ta yi yawa. Mai Girma ya ce a ƙara. Na karɓi wayar jikan nawa da shafinsu a buɗe, na gyara tabarau, na karanta da ƙarfi don mai ɗinki ta ji ta katanga:

"Ruwan famfo haƙƙinku ne. Saboda ƙaunar ruwan famfo, Mai Girma ya duba ruwan famfo, ya kuma umarci masu ruwan famfo su tabbatar da ruwan famfo ya zama ruwan famfo."

Keken ɗinkin ya tsaya. Ta ce, "Iya, a hankali, kada ya cinye mana gida. Ban iya iyo ba."

Gaskiya a yaba wa Mai Girma. Tun da nake ban taɓa ganin wanda ya wadata jama'a haka ba tare da ya jiƙa ko cokali ba. Ba gulma ba, amma mai ɗinki ta ji daga matar direbansa cewa hoton da ke saman shafin, na famfo yana kwarara, a layinmu aka ɗauke shi. Tankar ruwa suka ɓoye a bayan shago, suka jona tiyo, aka ɗauki hoto, aka naɗe tiyo, tanka ta bi su a baya. Ni ina layin burtsatse a lokacin, ba don haka ba da na fito a hoton da bokitina.

Abin da ya kawo jikana shi ne, injin ya ƙi cin miyar Mai Girma. Ya tura shafinsu ƙasa. Wa ya ɗora a sama? Wannan tsohuwar da kuke karantawa, da ƙorafinta. Ga shi wasu manyan baƙi za su zo duba aiki, kuma an ce kafin su sauka daga mota sai sun latsa waya. Sannan wani munafuki a ofis ya raɗa wa Mai Girma cewa tsohuwar nan kakar wane ce.

"Kaka, kujerata na rawa. Kin san matata ta kusa sauka."

Nan fa na ɗan sassauta, don kishiyar nan tawa yarinya ce mai kirki, ita ke shafa mini magani a gwiwa. Na ce to me yake so. Ya ce in ci gaba da rubutuna, amma in daina kiran abin da sunansa. In riƙa cewa "abin nan mai jiƙa", ko "wancan al'amari", don injin ya rasa gane ni.

Na ce, "An bar jaki ana dukan taiki. Ga hanya mai sauƙi, angona. Ku turo mutum ɗaya da sifana ya tona bututun bakin layi. Ranar da famfon nan ya yi ko da hawaye, ni da kaina zan koma rubutu a kan mai shagon da ke rina gemu."

"Wannan ba sashenmu ba ne."

"Sashen wa ne?"

"Sashen gyara. Kuma motarsu tana hannun masu ɗaukar hoto."

Mai ɗinki ta ƙyalƙyale da dariya har sai da yaronta ya fara kuka. Jikana ya yi ta magana, ya kawo wannan ya kawo waccan, har muryarsa ta dushe. Ya share gumi, ya leƙa randa, ya ga gizo-gizo ya yi aure a ciki.

"Kaka, ba ɗan abin da zan jiƙa maƙoshi?"

Na miƙa masa wayarsa a ladabce da hannu biyu, shafin Mai Girma a buɗe. Na ce, "Sha, maigida. Ga shi nan a kowane layi. In ka ƙoshi ka rage wa baƙinku."

Ya dube ni, ya dubi wayar, ya gyara katin wuyansa. Ya fita ya bugo ƙofar gida da ƙarfin da sai da katanga ta girgiza. Famfon ya yi tari sau ɗaya. Na zabura da bokiti, gwiwa na kuka. Kyankyaso ne ya fito, shi ma da alama ƙaura zai yi.

Amma jini ba wasa ba ne, na ji roƙon yaron nan, na rage. Ku duba da kyau, in ban da inda na karanto muku na Mai Girma, ban zuba kalmar da yawa ba, ban kuma hana ta ba. Ɗan daidai na barbaɗa, yadda jikana da bakinsa ya ce injin ya fi so.